Kafin a ajiye kunama a ɗaki, a fara shirya mata mazauni

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili in yi magana a kan wata ɗabi'a da na ga ta fara shiga zukatan matasanmu, wato kiwon kunama a cikin akwatin gilashi, kamar yadda suke gani a bidiyon da ake yaɗawa ta waya. Ni malamin kimiyyar halittu ne, kuma abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wani ɗalibina da ya zo mini da kunama a gwangwanin madara, ya huda murfin da ƙusa, yana murna cewa ya samu abin kiwo. Da na leƙa sai na ga 'yar rawaya ce mai siraran hannuwa da kaurin wutsiya, ya ɗauko ta a ƙarƙashin tubali a bayan gidansu, gidan da ke cike da ƙannensa ƙanana.

Irin wannan ita ce wadda sabon shiga bai kamata ya kusanta ba. Abin da aka saba lura da shi shi ne, kunamar da hannuwanta suke sirara kuma wutsiyarta take da kauri da dafinta ta dogara, kuma harbin wasu daga cikin danginta yana iya hallaka ƙaramin yaro. Wadda ta dace da mai farawa ita ce baƙar nan babba, irin da muke kira duwu, wadda masana ke kira Pandinus imperator. Tsawonta yakan kai santimita 20, takan yi shekara 6 zuwa 8 a raye, kuma duk da kwarjininta dafinta ba shi da ƙarfi sosai, ta fi amfani da manyan hannuwanta. Saboda yawan kwasar ta da ake yi daga Gana da Togo da Benin zuwa Turai da Amurka, tun 1995 aka sanya ta cikin dabbobin da yarjejeniyar ƙasashen duniya ta kare namun daji, wato CITES, ke sa ido a kan cinikinsu.

Sai dai wahalar kiwonta a nan Kabi ita ce yanayi. Halitta ce mai son laima, tana buƙatar danshin iska na kashi 70 zuwa 80 cikin ɗari da ɗumi tsakanin digiri 25 da 30, alhali mu a watan Afrilu zafi yakan haura digiri 40, hunturu kuma yakan busar da komai har leɓen mutum ya tsattsage. Wanda ya ajiye akwatin gilashi kusa da taga, ko a ɗakin kwano marar silin, zai dawo da la'asar ya tarar da ita a sandare. Don haka a nemi kusurwa mai inuwa, a zuba ƙasa mai laushi haɗe da zaren ɓawon kwakwa har kaurin santimita 10 zuwa 15, domin rami take haƙawa ta kwana a ciki. A riƙa yayyafa ruwa yadda idan aka dunƙule ƙasar a hannu za ta haɗu amma ba za ta ɗiga ba. A kifa mata tsingaro ta samu maɓoya, a ajiye ruwan sha a murfin kwalba marar zurfi. Akwati mai cin lita 40 ya ishi guda ɗaya.

Murfi kuwa dole ne ya zama mai kullewa kuma mai ƙananan ramukan iska. Gaskiya ne kunama ba ta iya hawan gilashi mai santsi, amma tana bin gam ɗin da aka haɗa kusurwoyinsa da shi, kuma tana da ƙarfin ture murfin da aka ɗora kawai.

Abincinta gyare ne da kyankyaso da fara, biyu ko uku a mako, ana miƙa mata da dogon hantsaki, ba da hannu ba. A nan ina jan kunne matuƙa: farar da aka kamo a gonar da aka yi wa feshi guba ce gare ta, haka ma fiya-fiya da hayaƙin maganin sauro idan an sa su a ɗakin. Idan matashiya ce kuma ta ƙi cin abinci ta shige rami, sau da yawa saɓa za ta yi, sai a kwashe duk ƙwaron da ya rage, domin sabon jikinta taushi gare shi har kusan mako biyu, gyare ma yana iya yi mata rauni.

Shi ɗalibin nawa, mun je tare mun saki tasa a daji nesa da gidaje, kuma na ce masa sai mahaifinsa ya amince, ya kuma samu ɗaki mai kwaɗo da yara ba sa shiga, kafin mu sake wannan magana.

Naka,
Wani malamin makaranta,
Argungu, Jihar Kebbi.