Ƙiba bayan dashen ƙoda: a yi hattara da maganin rage teɓa

Ya Edita, assalamu alaikum.

Don Allah ka ɗan ba ni fili in yi magana kan 'yan uwanmu da aka yi wa dashen ƙoda, waɗanda aka yi wa a nan gida, don asibitin Malam Aminu Kano tun 2002 yake yin dashen, da waɗanda suka dawo daga Indiya ko Masar. Mutum ya sha wahalar wankin ƙoda ya rame ya lalace, ana yin dashe sai ka ga cikin shekara guda kumatu sun fito tumbi ya fito, 'yan dubiya sai cewa suke masha Allah Alhaji ya murmure. To wallahi wani lokacin magani ne yake aikinsa. Prednisolone, ɗaya daga cikin magungunan da ake sha bayan dashe, yana buɗe ciki mutum ya yi ta ci ba ƙoshi, ga shi an sassauta masa dokar abinci, shi kuma tacrolimus da ake sha don kar jiki ya ƙi sabuwar ƙodar yana iya jawo ciwon suga. Ƙiba da suga da hawan jini in suka haɗu ƙodar da ƙanenka ya ba ka ce za ta ji jiki.

Yayana yana cikinsu, kuma abin da ya tayar min da hankali shi ne ranar da na tarar da kwalin shayin rage teɓa a kan firij ɗinsa kusa da ledar magungunansa, wai wata mai talla a Instagram ta ce ganye ne zalla. A Beljiyam farkon shekarun 1990 mata da yawa ƙodarsu ta mutu saboda maganin rage ƙiba na ganye mai ɗauke da wani tsiro mai guba da ake kira aristolochia. Ko na kemis ma, orlistat yana rage shigar ciclosporin, wani maganin hana jiki ƙin sabuwar ƙoda, cikin jini.

Su alluran rage ƙiba da ake yayi yanzu, Ozempic da Wegovy na kamfanin Novo Nordisk da Mounjaro na Eli Lilly, ni ban ce a guje su ba, likitocin dashe a ƙasashen waje suna ba wasu marasa lafiyarsu musamman masu suga, kuma nauyi yana sauka. Sau ɗaya ake yi a sati. Amma suna sa abinci ya daɗe a ciki, suna kawo tashin zuciya da amai da gudawa, to ka yi tunanin mutum ya haɗiyi tacrolimus ɗinsa ƙarfe takwas na safe ya amayar da shi, ko ruwan jikinsa ya ƙare a zafin watan Afrilu, ga shi ƙoda ɗaya ce ke masa aiki. Shi ya sa likita ke farawa da ɗan kaɗan yana ƙarawa a hankali yana kuma awon jini don ganin matakin tacrolimus da creatinine, wato sinadarin da ke nuna yadda ƙoda ke aiki. Ga jabu ma, WHO ta yi gargaɗi a 2024 kan Ozempic na bogi da aka samu a Burazil da Birtaniya da Amurka, balle wanda za a aiko maka a kwali ba sanyi.

Roƙona ga likitocinmu su riƙa taɓo maganar nauyi tun kafin sallama, da Hausa, a gaban matar gida tunda ita ke girki. NAFDAC kuma ta leƙa shafukan masu tallan shayin nan.

Naka,
wani mai karatu daga Kano