Wasiƙa zuwa ga Aminina kan Batun Manemin Ƙanwarka

Aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali, da kuma fama da sanyin ƙasar mutane. Mu nan sai godiya.

Saƙonka ya iso, inda ka ce in binciko maka halin yaron da ke neman ƙanwarka, in faɗa maka duk abin da ake cewa a kansa. To, ga abin da na gani da idona: yana da sana'a, ba ya wasa da salla, amma akwai bashin da ya ci a kasuwa wanda har yau bai biya ba, mai kuɗin da kansa ya nuna mini takardar. Wannan ya kamata ku sani kafin a sa rana. Sauran maganganun majalisa, na mahaifiyarsa da na ƙuruciyarsa, ba zan kawo maka su ba. Kada ka ga kamar rowa nake yi maka.

Ka san ni da karance-karancen addinai. Kwanan nan na shiga abin da malaman Yahudawa suka rubuta kan gulma, wadda suke kira lashon hara, sai na tarar sun tsananta fiye da yadda nake zato. A wajensu, kasancewar magana gaskiya ba ya wanke mai faɗinta. Musa bin Maimun, malaminsu haifaffen birnin Kurɗuba na ƙasar Andalus wanda ya rasu a Masar a 1204, ya raba abin uku: kai maganar wani wajen wani, faɗin aibin mutum na gaskiya, da yi masa ƙage. Nan take na tuna hadisin giba da muka karanta a makarantar allo da dare, kusan rabon ɗaya ne.

Misalin da suke kawowa ya tsaya mini a rai. Wani Doyeg ya gaya wa Sarki Saul, wanda mu muka sani da Ɗalutu, cewa ya ga limamin garin Nob ya ba Dauda, wanda sarkin ke farauta a lokacin, abinci da takobi. Abin ya faru kuwa, bai ƙirƙira ba. Amma a kan wannan rahoto aka kashe limamai 85 rana guda. Shi ya sa Talmud, babban littafin malamansu, ke cewa mugun harshe mutum uku yake kashewa: mai faɗa, mai saurare, da wanda ake yi da shi. Ka lura da na tsakiyan nan. Mu dai mun saba ɗora wa mai baki laifi, mai kunne ya tashi ya kakkaɓe rigarsa.

Har akwai abin da suke kira ƙurar gulma. Mutum ya ce, "Kai, a bar maganar wane, ba na son in faɗi abin da ya faru." Bai faɗi komai ba, amma ya gama da shi. Ko ya yi ta yabon wani a gaban maƙiyansa, alhali ya san yanzu za su fara zazzago aibinsa. Wallahi da na karanta wannan sai da na yi dariya, don na san gwanaye a wannan fanni, kai ma ka san su.

To yaya za a yi da mai neman aure ko abokin ciniki, a rufe ido a bar mutane su faɗa rami? A'a. Wani malami, Isra'ila Meir Kagan na garin Radin da ke Belarus ta yau, ya fitar da littafi sukutum kan wannan a 1873, mai suna Hafes Hayim, har sunan littafin ya zama laƙabinsa. Ya halatta magana idan za ta kare wani daga cuta, amma da sharuɗɗa masu tsauri. Ka tabbatar da abin da kanka, kada ka ƙara gishiri, kada ya zama kana huce wata tsohuwar gaba, kuma idan akwai hanyar gyara ba tare da tonon asiri ba, ita za a bi. Wanda ya fi ba ni wuya shi ne na niyya, don mutum kan yi rantsuwa nasiha yake yi alhali daɗin labarin yake ji. Da wannan ma'auni na tace abin da na rubuto maka a sama.

Shawarata, Baba ya kira yaron shi kaɗai ya tambaye shi zancen bashin, a ji ta bakinsa. Kada a bari ya shiga kunnen gwaggonninku tukuna.

Ka gaida mini amarya da yara. Yajin da ka ce in aiko, Hajiya ta daka, yana jiran matafiyi.

Wassalam,
Naka amini