Tsarin da Ya Tsayar da Faɗanmu Ya Hana Ni Kuka

Assalamu alaikum Hajiya,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri gare ki da duk masu bibiyar wannan fili, na rubuto ne in nemi shawararki kan wani al'amari da ya shige mini duhu, kuma ina roƙon a sakaya sunana.

Shekararmu 11 da aure ni da maigidana, Allah ya ba mu 'ya'ya uku. Babu duka a tsakaninmu, babu zargin cin amana, kuma na faɗi haka da wuri ne don kada a ɗauki matsalar da girman da ba ta kai ba. Ciwonmu shi ne magana. Ni idan abu ya dame ni sai na amayar da shi nan take, shi kuwa da ya ji muryata ta tashi sai ya ja bakinsa ya tsuke, wani lokaci ya kwana biyu ban ji komai daga gare shi ba in ban da amsa gaisuwa. Shirunsa na ƙara tunzura ni, tunzurar tawa na ƙara masa shiru. Da muka ga abin na neman shafar yara, sai muka yarda mu je wurin ƙwararrun masu ba ma'aurata shawara.

Wanda muka fara zuwa wurinsa mutum ne mai kirki da haƙuri, amma ban ga wani tsari a aikinsa ba. Kowane zama yakan tambaye mu me muka zo da shi yau, ya jingina da kujera yana sauraro. Ba sai na gaya miki wanda zai cinye irin wannan fili ba. Nakan kwashe minti 40 cikin 50 ina zayyana laifuffuka, maigidana na kallon takalminsa, kafin ya haɗa jimla ɗaya lokaci ya ƙare. Zama biyar muka yi, kuma faɗan gida ne kawai muka ɗauko muka kai ofis, sai dai a can akwai ɗan kallo. Maigidana ya ce shi ba zai koma ba, ni ma ban ga laifinsa ba.

Ta biyun mace ce, kuma aikinta ya sha bamban da na farkon. Ta gan mu tare, ta ga kowannenmu shi kaɗai, ta ba mu doguwar takardar tambayoyi muka cike, sannan a zama na huɗu ta faɗa mana abin da ta lura da shi, ta shimfiɗa mana jadawalin zama 12, kowanne da batunsa. Ta ce yawancin aikinta ta gina shi ne a kan binciken John Gottman na Jami'ar Washington da ke Seattle a Amurka, wanda ya shafe shekaru masu yawa yana nazarin yadda ma'aurata ke gardama. Ta lissafa mana halaye huɗu da ya gano suna cin aure: sukar halin mutum maimakon kuka da abin da ya aikata, raini, kare kai, da yin gum. Ta ce raini ne mafi muni a cikinsu, kuma alhamdu lillahi ba mu kai can ba. Ni suka ce rabona, shi kuwa gum. Ta kuma yi mana bayanin cewa idan bugun zuciyar mutum ya haura 100 a minti ana cikin gardama, ba ya iya sauraro yadda ya kamata, don haka sai a tsaya na aƙalla minti 20 bisa alkawarin za a dawo kan maganar. Hajiya, wannan bayani kaɗai ya sauya yadda nake kallon mijina. Shekara da shekaru ina ɗaukar shirunsa wulaƙanci, ashe zuciyarsa ce ke dukan uku-uku.

Sai ta kafa mana dokar karɓa-karɓa. Akwai wani biro a kan teburinta, wanda ke riƙe da shi ne mai magana, kuma minti uku gare shi a agogon wayarta. Ɗayan ba zai katse shi ba, ba zai kare kansa ba, aikinsa ya maimaita abin da ya ji har mai magana ya ce e, haka nake nufi. Da farko abin ya ba ni dariya, kamar mun koma aji ɗaya. Amma a cikin waɗannan mintoci uku-uku na ji maganganu daga bakin maigidana waɗanda ban taɓa ji ba tun da aka ɗaura mana aure. Faɗa ya ragu a gida, har babbar 'yarmu ta lura. Ba na so ki ɗauka na rubuto ne don in rage wa matar nan daraja, domin ta yi mana abin da muka kasa yi wa kanmu.

Abin da ya kawo ni ya faru ne a zama na bakwai. Kwana tara kafin ranar na yi ɓarin ciki wata huɗu. Maigidana ya tsaya a kaina a asibiti, ya yi duk abin da ake yi, amma ko sau ɗaya ba mu zauna mun yi maganar ɗan da muka rasa ba. Na je zaman da niyyar a can za mu yi ta. Na faɗa wa malamar tun daga bakin ƙofa, ta jajanta mana sosai, ta ce in ɗauki biro. Ina fara magana kuka ya ƙwace mini. Maigidana ya dube ni, ya gyara zama, ya ce, "Abin da na ji kin ce shi ne kina cikin baƙin ciki." Kafin in buɗe baki agogo ya yi ƙara. Malamar ta ƙara mini wasu mintoci, gaskiya ne, sannan ta ce a hankali, batun yau shi ne yadda muke tafiyar da kuɗi, kuma tana ganin zai fi mana amfani mu riƙe jadawali, mu ware wa wannan rashi lokacinsa a gaba. Na share hawaye, muka shiga lissafin wa ke biyan me. Har yau ban san me na ce a sauran zaman ba.

A mota na sauke masa abin da ke raina. Na ce na zo da gawar ɗa a zuciyata, ya ba ni jimlar da aka koya masa. Amsar da ya ba ni ce ta hana ni barci. Ya ce, wallahi da babu wannan jimlar da babu abin da zai iya fitowa daga bakinsa, da shiru zai yi kamar yadda ya saba, kuma ya riƙe ta ne kamar yadda mai nutsewa ke riƙe igiya. Na yarda da shi, domin na ga hannunsa na rawa a kan sitiyari.

Tun daga ranar muka rabu biyu a kan zaman kansa. Shi yana son a bar tsarin yadda yake, yana cewa a cikinsa ne kawai yake samun damar magana ba a danne shi ba. Ni kuwa ina jin na zama mai wasan kwaikwayo, ina auna kalmomina da agogo. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne na gane wannan saɓani ba sabo ba ne, tsohon faɗanmu ne ya sake riga: ni ina neman a buɗe, shi yana neman mafaka.

Na ɗan yi karance-karance don kada in yi hukunci da jin zafi kawai. Na ga akwai wata hanya da Sue Johnson da Les Greenberg suka samar a Kanada a shekarun 1980, wadda ta fi karkata ga bin abin da zuciya ke ji a cikin ɗakin a daidai lokacin. Na yi zaton zan tarar ba ta da ƙa'ida, sai na ga ita ma matakai uku gare ta da aka kasa gida tara, ana yin ta a zama 8 zuwa 20. Na kuma ga cewa Neil Jacobson da Andrew Christensen, waɗanda suka daɗe suna koya wa ma'aurata dabarun magana da warware matsala, daga baya sun ƙara wa hanyarsu koyar da karɓar juna yadda ake, saboda sun lura dabarun kaɗai ba sa ɗorewa ga wasu ma'auratan. Abin da na fahimta, in ban yi kuskure ba, shi ne su kansu masanan suna da taswira, amma suna sa ran mai riƙe da ita ya ɗaga kai ya dubi mutanen da ke gabansa. A ganina malamarmu ba ta ɗaga kai ba ranar, ko da yake wata zuciyar na ce mini wataƙila ta hango abin da ban hango ba, wato idan ta sake mini fili zan sake cinye shi kamar yadda na yi a wurin na farkon.

To Hajiya, ya zan yi? Ina so in gaya mata cewa abin da ya faru a zama na bakwai ya yi mini ciwo, amma ban san ko ya dace wanda ya zo neman taimako ya gyara wa ƙwararre aikinsa ba. Idan ya dace, a gaban maigidana zan faɗa ko a bayan idonsa? Tun farko ta shaida mana ba ta riƙe wa ɗayanmu sirri a kan ɗaya, kuma ina gudun ya ji kamar na haɗa kai da ita a rushe masa wurin da ya samu yake numfashi. Shin akwai yadda za a bar masa biro da agogonsa, ni kuma a bar mini wata ƙofa ta ranar da abu mai nauyi ya faɗo, misali mu amince tun yanzu cewa rashi ko ciwo na iya ture jadawalin rana? Sauya mai ba da shawara karo na uku ba na jin zai yarda, ni ma ba na so mu koma farko.

Zama na tara saura kwana shida. Na takwas na je na yi abin da aka ce, ban tayar da maganar ba. Takardar aikin gida da ta ba mu tana cikin jakata ban rubuta komai a kanta ba, shi kuwa ya cike tasa tun daren da aka ba mu.

Allah ya saka da alheri, ya ƙara basira.

Taki,
Wata 'yar'uwa mai bibiyar filinki