A auna jirgin kafin a sayi tirelar ɗaukarsa

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili domin masu ƙaramin jirgin ruwa na filafilai, irin wanda ke da fiffiken dalma a ƙarƙashinsa don kada iska ta kifar da shi. Shekara shida ke nan ina jan nawa a bayan mota, kuma tirelar farko da na saya ta koya mini hankali.

An ƙera ta ne don kwalekwale mai inji, mai shimfiɗaɗɗen gindi. Na duba tsawo, na ga ya yi, na biya. Da aka ɗora jirgin, sai fiffiken ya rataya a iska, nauyin duka ya sauka kan matasai huɗu na gefe. Bayan tafiya ɗaya na shafa cikin jirgin da hannu, na ji lotsawa mai faɗin tafin hannuna a inda matashin baya ya tokare. Ranar ban iya barci ba. Ashe jirgin kan fiffikensa yake zama, a cikin kwarin tirelar da aka shimfiɗa wa katako, matasan gefe kuwa aikinsu kawai su hana shi karkata.

Sai batun nauyi, inda yawancinmu muke yaudarar kanmu. Abin da kamfani ya rubuta nauyin jirgi ne tsirara. J/24, wani samfurin irin wannan jirgin, alal misali, kusan kilo 1,400 ne, amma ba a lissafa inji da batir da anga da sauran tarkace ba, balle ita kanta tirelar. A kai shi sikeli da kayansa duka, sannan a duba abin da mota da tayoyi za su iya ɗauka. A Tarayyar Turai duk tirelar da nauyinta da na kayanta ya haura kilo 750 dole ta kasance da birkinta, kuma ni ko babu doka ba zan sake gangara tudu da wadda ba ta da shi ba.

Jirgin nan a sama yake zama, ya fi mutum tsayi, don haka ƙaramar iska ma tana kaɗa shi. Idan nauyi ya koma baya, tirela ta dinga kaɗa wutsiya ke nan. Kamar kashi 7 cikin 100 na nauyin ya kamata ya danne ƙugiyar mota. Nawa sai da na matsar da shi gaba da taƙi ɗaya kafin ya natsu.

Mai tura tirela cikin ruwa don sauke jirgi ya nemi ƙarfen da aka tsoma a tutiya saboda tsatsa, kuma ya bar boris ɗin tayoyi ya huce tukuna, domin mai zafi yana zuƙar ruwa ya lalata giris. Ni yanzu injin ɗaga kaya ke sauke mini jirgin, tayoyina ba sa taɓa ruwa.

Naka,
Wani mai karatu