A daina kai tsofaffin jitoci wurin mai fenti

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ɗan fili a jaridarmu mai farin jini in kawo kukana kan wani abu da wasu za su ce bai kai a ɓata masa tawada ba. Ni makaɗin bes ne, wato doguwar jitar nan mai tsirkiya huɗu da ke ba da amo mai kauri a ƙarƙashin kiɗa, wadda 'yan rawa ba sa sanin tana nan sai ta yi shiru. Shekara talatin ke nan ina bin gidajen biki da ita tsakanin Kaduna da Zariya.

Bayan ƙaramar sallar bara na je Sabon Garin Kano neman amfilifaya, sai na hango wata tsohuwar bes jingine a lungun wani shagon gwanjo, tsakanin mataccen firji da tarin sifikoki. Tsirkiya biyu suka rage mata, su ma tsatsa ta cinye su. Mai shagon ya ce Fender ce 'yar Amurka, ya nuna mini sunan a kanta, ya yanka mini naira dubu ɗari biyu. Da na juya bayanta, sai ga rubutu a ɗan faifan ƙarfen da ke riƙe wuya da sukurori huɗu, cewa a Japan aka yi ta. Sunan Fender ɗin kuwa sitika ce, gefenta har ya fara ɗagowa. Ban ƙaryata shi ba, don na tabbata shi ma haka aka sayar masa. Sai da ya ce albarka sau uku kafin ya sallama a dubu saba'in da biyar.

Ni dai ban ji na faɗi ba. Leo Fender ne ya fitar da wannan samfurin a Kalifoniya a 1951, ya sa masa suna Precision. A shekarun 1970 masana'antun Japan suka shiga kwaikwayonsa, wasunsu kuma aikinsu ya yi kyau ƙwarai. Irin rubutun da ke faifan tawa an fi saninsa da masana'antar Matsumoku da ke garin Matsumoto, wadda ta daɗe tana ƙera teburan katako na keken ɗinki Singer, irin wanda iyayenmu mata suke da shi a ɗaka, kafin ta yi suna da jitocin Aria. An rufe ta a 1987. Ka ga ke nan katakon da ke hannuna ya girmi babban ɗana, ya gama bushewa, ya gama duk wani motsin da zai yi.

Ga inda gizo ke saƙar. Ramin sukurun da ake maƙala ɗamara ya buɗe, sai na kai wa wani kafinta a unguwarmu ya cike shi da ɗan katako da gam, aikin minti goma. Na tafi Azahar. Ko da na dawo, na tarar ya kife ta a kan benci, ya bi bayanta da samfefa har katako ya fito fari fat, ga gwangwanin jan fentin mota a gefe. Ya ce, "Yallaɓai, ai kyauta zan maka, ka gan ta duk ta koɗe." Wallahi da kyakkyawar niyya ya yi. Amma wannan koɗewar, da gurbin da hannun wani makaɗi ya goge shekara da shekaru, su ne shaidar shekarunta, su ne kuma rabin kuɗinta a wurin waɗanda suka san kaya. Na ceci gaban, bayan kuwa ya tafi ke nan. Na san jitoci aƙalla uku a garin nan da aka yi wa haka, ɗaya ma an zubar da kayan wutarta na asali a bola aka sa sababbi masu arha, yanzu amonta kamar ana buga bokiti.

Sauran gyaran da kaina na lallaɓa. Wuyan ya lanƙwashe kamar baka, tsirkiya ta yi nisa da katako har yatsa na ciwo. A cikin wuyan akwai sandar ƙarfe da ake ɗaurewa don miƙe shi, kuma a irin wannan tsohon samfuri bakinta na can gindin wuya, sai an sassauta sukurori an ɗaga shi. Rubu'in juyi ake yi, a bari ta kwana, a sake dubawa. Mai gaggawa ya murɗa da ƙarfi, sandar ta karye, to jita ta zama itacen girki. Kwana biyar na yi ina wannan. Awon kuma ba wuya: ka danne tsirkiya a ƙarfen farko da na ƙarshe cikin ƙarafan da ke jere a kan wuya, ratar da ke tsakiya kada ta wuce kaurin katin waya.

Sai kuma hunturu, wanda masu ƙera ta ba su yi lissafi da shi ba. Kayan da ya fito daga ƙasa mai laima, da iskar Disamba ta buge shi sai katakon wuya ya tsuke, bakunan ƙarafan da ke jere a kansa su fito kamar haƙoran zarto. Sun yanke ni a yatsa kafin in bi su da ƙaramin magagari ɗaya bayan ɗaya, guda ashirin, gefe biyu. Tsirkiyar da na ara daga tsohuwar jitata kuwa tafasa ta na yi don datti ya fita, dabarar makaɗan bes ce ta da can. Uwargida ta tarar da ni a kan tukunyar miyarta, abin da ta faɗa ba zai bugu a jarida ba.

Wutar ce ta gagare ni. Rabin maganaɗisun da ke ɗaukar sauti ya mutu, tsirkiya biyu na magana, biyu sun yi gum. Wani mai naɗin fanka ya ce in kawo ya warware ya sake naɗawa da wayarsa. Allah ya sa ban yarda ba, don wayar ciki ta fi gashin kai siranta, zagaye dubbai ne, ta fanka kuma ta yi mata kauri nesa ba kusa ba. Wani dattijo mai gyaran rediyo a bakin kasuwa, wanda yanzu sai ya wuni bai ga aiki ba saboda kowa ya koma waya, shi ya ɗora mitarsa, ya sa tabarau biyu a kan juna, ya gano silin ya tsinke daidai inda aka like shi da dalma. Ɗigo ɗaya ya sa. Na ce, "Baba, nawa zan bayar?" Ya ce, "Kaɗa mini in ji tukuna." Shi ne kuma ya gano wayar da ke zuwa gadar tsirkiya, wato ƙarfen da tsirkiya ke zaune a kai a jikin jita, ta cire, dalilin ƙugin da take yi, ya ja mini kunne kan haɗa amfilifaya da janareta ba tare da wayar ƙasa ba, ya ce ya san abin da wuta ke yi wa mai gumi a hannu.

Roƙona gare ka, Edita, ka tura wakilinka wurin irin waɗannan dattawa da masu ɗaurin gurmi da garaya, a ji ta bakinsu tun suna raye. Su suka san katako da waya, yaran da ke sayen jitocin gwanjo don sutudiyo kuwa ba su san ma suna nan ba, sai su nufi mai fenti.

Na kaɗa ta a wani biki a Tudun Wada makon jiya, bayanta fari kamar yadda kafinta ya bar shi, man gyaɗa kawai na ɗan shafa. Makunnin tsirkiya ta huɗu, wato abin da ake murɗawa a ɗaure ta, shi ne har yanzu yake zamewa, sai na riƙa gyara shi tsakanin waƙa da waƙa. In akwai mai karatu da ke da mataccen bes ɗan Japan a ƙarƙashin gado, don Allah kada ya jefar, ya bar mini saƙo a ofishinku, zan sayi makunnin.

Naku,
Wani makaɗin bes,
Tudun Wada, Kaduna.