Bayanin Kwamiti Kan Ɗakin Ganin Likita Ta Bidiyo Na Dattawan Unguwa

Assalamu alaikum iyayenmu da 'yan uwa. Maganganu sun iso mana cewa ana tambayar ina kuɗin gudummawa suka shiga. Haƙƙinku ne ku tambaya, kuma rasit ɗin kowane kaya yana hannun ma'aji ga mai son gani da idonsa.

Ɗakin dai an gama shi. Tsohon shagon jikin masallaci muka gyara, aka sauya kwano, aka yi filasta, aka fasa matakala aka mai da ita gangare saboda masu dogara sanda. Wannan ba wanda ya yi ƙorafi a kai.

A kan sola ne ake ta magana, kuma gaskiya ita da batirinta sun ci fiye da rabin kuɗin. Masu cewa da ƙaramin janareta muka saya, mun gwada na aro a makon farko. Wani Baba mai nauyin ji ya zauna gaban allon, likita na tambayarsa wane maganin hawan jini yake sha, ƙarar injin ta hana su jin juna. Baba ya yi ta ɗaga kwalin maganin yana cewa "Me ya ce?" Ga kuɗin fetur, wanda kowa ya san inda ya kai tun da aka cire tallafi a watan Mayun 2023. Batir kuma na litiyam muka zaɓa, don mai ruwa sai an riƙa duba shi ana ƙara masa, kuma bai kai wannan ƙarko ba. Inda muka yi kuskure shi ne jinkiri. Muna jiran cikon alkawura, kaya masu bin dala suka tashi, dole muka taɓa kuɗin rumfa muka cika. Ko kwabo bai shiga aljihun kowa ba, Allah ne shaida.

Yanzu nas tana auna jini da suga, ta karanta wa likita, shi ya gyara magani. Wanda ciwonsa ke buƙatar a duba shi hannu da hannu, ana tura shi asibitin Gambo Sawaba a Ƙofar Gayan, Zariya, ko asibitin koyarwa na Shika.

Godiya ta musamman ga Hajiyarmu da ta ba da shagon kyauta, Allah ya gina mata gida a Aljanna, da ɗan unguwa mazaunin Kaduna da ya sayi kwamfuta ya ce kada a faɗi sunansa, da 'ya'yanmu likitoci na Abuja da Ingila da suke ba da lokacinsu ba ko sisi.

Sauran rumfa da makewayi. Ranar Asabar iyayenmu mata a kan dakali suka yi jira cikin rana, wata ta gaji ta koma gida ba ta ga likita ba. Damina na tafe. Mai buhun siminti, mai falle biyu na kwano, mai iya ɗaukar kuɗin data na wata guda, don Allah ya samu ma'aji bayan sallar La'asar.