Wasiƙa zuwa ga Habu, daga Najaf

Assalamu alaikum Malam Habu,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya, da Inna da maiɗakinka da yara. Ya damina? Allah Ya sa a yi kaka lafiya. Saƙonka ya iso, kuma ƙorafin da ka yi cewa yanzu ba mai kiranka ginin ƙasa, kowa sai siminti, ya tsaya mini a rai. Shi ya sa na ce bari in ba ka labarin abin da na gani a Ur da Babila cikin hutun nan.

Ka san kudancin Iraƙi ba shi da dutse, ba shi da manyan itatuwa. Laka ce kawai da kogin Dijla da na Furat suke zubarwa, sai dabino da ciyawar fadama. Da wannan lakar mutanen Sumer suka tayar da birane. A Ur, garin da ake cewa nan ne mahaifar Annabi Ibrahim (AS), kusa da Nasiriyya, akwai wani ƙaton gini mai hawa-hawa da ake kira zigurat. Sarki Ur-Nammu ya gina shi wajen shekara 2100 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), don abin bautarsu na wata. Bautar dai ɓata ce, amma hannun maginan ya san aiki. Gindinsa ya kai kusan mita 64 a tsawo, 45 a faɗi. Cikinsa duk ɗanyen bulo ne wanda rana ta busar, sai suka lulluɓe shi da gasasshe, suka riƙa ɗinke tsakani da kwalta, wadda ke ɓuɓɓugowa daga ƙasa a yankin. Matakalar gaba an gyara ta a zamanin nan, amma ainihin jikin ginin na dā ne.

Abin da ya fi tsayar da ni shi ne wasu ƙananan ramuka da suka bari jere-jere a bango. Sun san ɗanyen bulo yana riƙe damshi, in an toshe shi ta ko'ina sai ya kumbura ya tsage, don haka suka bar masa hanyar shan iska. Akwai kuma magudanai da aka gina a jikin bangon, ruwan sama na bi ya sauka. Nan take na tuna yadda kake faɗa in ka ga an shafe bangon ƙasa da siminti maimakon makuba, kana cewa an shaƙe shi. Ga mutanen da suka riga ka da shekara dubu huɗu suna goyon bayanka.

A Babila kuwa, kusa da Hilla, laka ta zama abin ado. Nebukadnezzar na biyu ya gina Ƙofar Ishtar wajen shekara 575 kafin Miladiyya, da bulo mai shuɗin ƙyalli, ga bijimai da wata dabba mai kan maciji a jiki, ga zakuna jere a bangon hanyar da ke kaiwa gare ta. Kowace dabba a kan bulo da yawa take. Kowane bulo an zuba shi a ma'auninsa ɗauke da yanki guda, wannan ƙafa, wancan wuya, an gasa, sannan magini ya haɗa su dabbar ta fito cif. Dubi irin lissafin! Sai dai mai shuɗin ba ya nan. Jamusawa ƙarƙashin Robert Koldewey sun yi tono daga 1899 zuwa 1917, aka kwashe gutsattsarin zuwa Balin aka sake tayar da ƙofar a gidan tarihi. Abin da ke bakin shiga yanzu ƙaramin kwaikwayo ne. Na ji zafin wannan. Amma tushen ƙofar na nan, dabbobin na fitowa daga bulo marar fenti, kuma a idona sun fi na hoton kwarjini.

Assuriyawa na arewa sun sami dutse mai laushin sassaƙa. Farautar zaki ta Sarki Ashurbanifal daga Nineba, wadda take Landan yanzu, a hoto na gan ta: zakanya ce kibau sun karya mata baya, tana jan ƙafafun baya, kanta a ɗage. Wanda ya sassaƙa ta ya kalli dabba da idon tausayi. To amma su ma bangon fadarsu na laka ne, allunan dutsen jingina su aka yi a ƙasan bango.

Haka Farisawa. Dariyus ya fara gina Fasifolis wajen 518 kafin Miladiyya, da ginshiƙan dutse masu kusan mita 20, bango kuwa ɗanyen bulo. A rubutun da ya bari kan fadarsa ta Susa ya lissafa masu aikin: katako daga Lebanon, hauren giwa har daga Kush, masassaƙan dutse Girkawa da mutanen Sardis, maƙeran zinariya Mediyawa da Misrawa. Aikin bulo kuma, ya ce mutanen Babila ne suka yi. Sarkin da ke iya kiran kowane gwani a daularsa, da ya zo kan laka, gidan masu ita ya aika.

Na ɗauki hotunan ramukan nan da magudanan daga kusa, zan turo maka ta WhatsApp. Ka duba da idon magini ka gaya mini ko tazarar da suka bari tsakaninsu ta yi maka daidai. Ka gaishe da Inna, ka ce ta ci gaba da sa ni a addu'a, jarrabawa ta matso.

Naka,
Lawal